KAFIN KA CE "NAWA NE?" FARA CEWA "NA WA NE?": Darasi kan cinikin fili, gona da gida a Kano ta Kudu

Godiya ta tabbata ga Allah Mai sammai da ƙasa, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

'Yan uwa, darasinmu na yau a kan ƙasa ne, wannan dai da muke nomawa muke ginawa a kai. Duk wanda ke bin hanyar Kano zuwa Zariya, ko ya karya a Kwanar Dangora ya nufi Tudun Wada har Doguwa, ya ga abin da ke faruwa. Gonar da aka girbe dawa a cikinta bara, bana an kakkafa mata turaku an yanka fulotai. Kuɗi na shigowa, wannan alheri ne. Amma tare da shi zumunci na yankewa, wa da ƙane suna tsayawa gaban alƙali, mutum ya tara gumin shekara goma ya saya wa kansa shari'a. Kusan duk wannan rigima daga wuri ɗaya take tasowa: mai saye ya yi gaggawar tambayar kuɗi, bai tsaya ya tambayi mai abu ba.

1. ME YA SA ƘASA TAKE TSADA A WANNAN YANKI?

Na farko hanya. Tun 2018 aka fara sake gina babban titin Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano, wanda ya bi ta ƙasar Kiru da Bebeji. A 2020 aka ƙaddamar da aikin bututun iskar gas daga Ajakuta zuwa Kano, a 2021 kuma aikin sabon layin dogo tsakanin Kano da Kaduna. Duk inda aka ji ƙishin-ƙishin ɗin aikin gwamnati zai bi, masu kuɗin birni sukan riga kowa isa.

Na biyu noma. Tudun Wada da Doguwa sun fi arewacin jihar samun ruwan sama, ga masara ga shinkafa, kuma kowa ya san matsayin Tudun Wada a harkar shinkafa. A Bebeji ga madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ga Bagauda inda makarantar horar da lauyoyi take. Da abinci ya yi tsada, gona ma sai ta bi shi.

Na uku faɗuwar darajar naira. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 da sakin naira a kasuwa a watan da ya biyo baya, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, buhun siminti ma ya wuce naira dubu 10 a farkon shekarar. Mai kuɗi ya ga ajiyarsa tana narkewa a banki kamar gishiri a ruwa, sai ya gudu ya zuba a ƙasa. Wannan kuma ya sa gida ginanne mai kyau yakan zo da sauƙi a kan ka sayi fili ka fara daga tushe, domin an gina shi da tsohon farashi.

To shin riba a ƙasa laifi ce? A'a. Bukhari ya kawo labarin Zubairu ɗan Awwam, Allah Ya ƙara masa yarda, ɗaya daga cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna. Ya sayi wata ƙasa a bayan garin Madina da ake kira Gaba a kan dubu 170 na kuɗin wancan zamani. Bayan rasuwarsa ɗansa Abdullahi ya sayar da ita miliyan 1 da dubu 600, ninki tara da ɗoriya ke nan. Amma ku lura da abin da aka yi da kuɗin: bashin mamaci aka fara biya. Har da aka gama biya, Abdullahi bai raba gado ba sai da ya shekara huɗu yana shela a lokacin aikin Hajji, ko akwai sauran mai bin mahaifinsa bashi. Riba halal ce, sharaɗin dai ƙasar ta zama babu haƙƙin wani a maƙale da ita.

2. GONAR GADO: INDA MAFI YAWA SUKE FAƊAWA

Sharaɗin ciniki a Musulunci shi ne mai sayarwa ya mallaki abin da yake sayarwa, ko mai shi ya wakilta shi. A ƙauyukanmu kuwa yawancin gonaki na gado ne, da yawa kuma ba a taɓa raba su ba. Uba ya rasu shekara ashirin, babban wa yana nomawa, har mutanen gari sun saba kiranta gonar wane.

Bari mu buga misali. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu, mata uku, iyayensa sun riga shi. Ya bar gona eka 8, babu bashi babu wasiyya. Matar tana da tumuni, eka 1. Saura eka 7 na 'ya'ya: kowane namiji eka 2, kowace mace eka 1. Idan babban wa ya ɗauki gonar nan ya sayar, eka 2 kaɗai ya sayar nasa, 6 na mutane ne. A mazhabar Malikiyya irin wannan ciniki a rataye yake, sai masu haƙƙi sun amince. Idan ƙanwarsa da ke aure a Rano ko Saminaka ta ji labari bayan shekara uku ta ce ba ta yarda ba, maganarta na nan daram, ko da ka riga ka zagaye wurin da katanga.

Kuma a yi hattara da shirun mata. Sau da yawa mace ta yi shiru ne don kunya ko tsoron a ce ta raba kan gida. Yardar da aka samu ta hanyar kunyatarwa ba ta halatta dukiya. A kira ta, a gaya mata nawa aka sayar, nawa ne rabonta, ta karɓa da hannunta. Idan akwai maraya a cikin magada, rabonsa ba ya sayuwa sai ta hannun wasiyyinsa ko alƙali, shi ma sai don amfanin yaron.

Akwai kuma shufu'a, wadda mutane da yawa ba su sani ba. Idan ɗaya daga cikin masu tarayya ya sayar da kasonsa kafin a raba, abokan tarayyarsa suna da ikon su biya ka abin da ka biya su karɓe. A wurin Malikiyya wannan haƙƙi na abokin tarayya ne, maƙwabci ba ya da shi, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid ta nuna wanda yake gari yana sane ya yi shiru har shekara ta wuce, haƙƙinsa ya faɗi. Duk da haka kyautatawa ce ka fara yi wa maƙwabcinka tayi kafin ka kawo masa baƙo.

Saboda haka idan aka ce maka gonar gado ce, tambayarka ta farko ita ce: an raba? Wa ya raba? Ina takardar kotu, ko ina malamin da shaidun? In ba a raba ba, kowane magaji ya zauna ya sa hannu, ko ka haƙura. Wanda ya ce maka "kar ka damu, ni ne babba," to ka damu.

3. ƘASAR DA BA MAI IKON SAYAR MAKA

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana. A birni gwamna ke ba da takardar mallaka. A karkara ƙaramar hukuma ke da ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya, kuma dokar ta ce sauya hannu yana buƙatar amincewar hukumar da ta dace. Takardar mai unguwa da ta dagaci shaida ce mai muhimmanci ƙwarai, domin su suka san tarihin wuri, amma ba ta maye gurbin ta hukuma. Idan mai fili ya nuna maka satifiket, kar ka tsaya a kan kyan takarda. Je ma'aikatar ƙasa da hukumar KANGIS a Kano a duba maka fayil: sunan wa ke ciki, an jinginar da shi a banki ko a'a, yana cikin wani tsarin gwamnati ko a'a. Kuɗin binciken bai kai kuɗin lauya ba.

Ga wuraren da za ka guje wa komai arharsu. Burtali da mashayar dabbobi, domin hanyar jama'a ce, kuma toshe su na daga cikin abin da ke haɗa manomi da makiyayi. Gefen dajin Falgore, wanda keɓaɓɓen daji ne na gwamnati, ba na dagaci ba ne balle na dillali. Tazarar da aka bari a bakin babban titi, da ƙarƙashin babbar wayar lantarki, da kan hanyar bututu ko layin dogo. Sai filin makaranta, maƙabarta da filin idi.

Masu sayen gona don jiran diyya, ku saurara. A dokar nan, idan gwamnati ta karɓi ƙasa don amfanin jama'a, abin da take biya shi ne abin da ke kan ƙasar: gini, amfanin gona, itatuwa masu amfani. Ba ta bin farashin da dillalai suka kai wurin. Mutum zai iya sayen fili da tsada ya karɓi abin da bai kai rabi ba. Wanda kuma ya tashi cikin dare ya jera bulo ko ya dasa itace don a ƙirga masa, ya sani dukiyar al'umma ya ci da yaudara.

'Yan uwanmu na Riruwai da kewaye, inda aka daɗe da sanin kuza: duk wanda ya ƙara maka kuɗin gona da cewa akwai ma'adini a ƙarƙashinta, ka sani tsarin mulki da dokar ma'adinai ta 2007 sun mallaka wa gwamnatin tarayya abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Sayen gona bai ba ka izinin haƙa ba. Ga shi kuma ciniki ne a kan abin da ba a gani ba, wato garari, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana.

4. IYAKA DA AWO

Muslim ya ruwaito cewa wata mata mai suna Arwa ta kai ƙarar Sa'idu ɗan Zaidu, shi ma ɗaya daga cikin goman nan, wurin Marwanu, wai ya ci mata ƙasa. Sa'idu ya ce yaya zai yi haka bayan ya ji daga bakin Manzon Allah cewa wanda ya ci ko taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa shi a wuya har ƙasa bakwai ranar Alƙiyama? Ya yi addu'a idan ƙarya take yi Allah Ya makantar da ita Ya kashe ta a cikin ƙasar tata. Haka kuwa aka yi, ta makance, ta faɗa rami a cikin ƙasar ta mutu. A wani hadisin na Muslim daga Sayyidina Ali, mai sauya alamar iyaka yana cikin waɗanda aka la'anta. To mai tura kunya ɗaya cikin gonar maƙwabci duk damina, da mai cire gamba ya matsar, su yi wa kansu hisabi.

A aikace: kar ka sayi wuri da nunin yatsa. A taka iyaka kusurwa huɗu da ƙafa, maƙwabtan gabas, yamma, kudu da arewa suna tsaye. A auna da tef, a kafa turakun siminti a ranar.

Masu sayen awon igiya, ga ɗan lissafi. Eka ɗaya murabba'in ƙafa 43,560 ce. Fuloti mai faɗin ƙafa 50 da tsawon ƙafa 100 kuwa 5,000 ne. Idan aka fitar da fuloti 8 daga eka ɗaya an cinye 40,000, abin da ya rage wa hanya da magudanar ruwa bai taka kara ya karya ba. Nan gaba sai a rasa ta inda motar asibiti za ta shiga, ko ta inda za a fito da makara. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi ya yi hukuncin a bar kamu bakwai idan an yi saɓani kan faɗin hanya, a zamanin raƙumi da jaki fa ke nan. Mai yanka gona ya ji tsoron Allah ya fitar da hanya, mai saye kuma ya tambayi ina hanyata kafin ya biya.

Sannan ka ziyarci wurin da damina. Ƙasar da ka gani fes a watan Maris, a watan Agusta tana iya zama tafki, musamman kwari da bakin rafi a Tudun Wada da Doguwa da kewayen Tiga. In ba za ka iya jira ba, tambayi tsofaffin unguwa, ka duba gindin katangun maƙwabta, ruwa ba ya ɓoye sawunsa.

5. NASIHA GA MAI SAYARWA DA DILLALI

Hadisin Hakimu ɗan Hizam a Bukhari da Muslim ya nuna albarkar ciniki tana tare da gaskiya da bayyana aibi, ƙarya da ɓoyewa kuwa suna shafe ta. Idan gidanka yana yoyo, ko katanga ta tsage ka shafe da fenti, ko rijiyar tana ƙafewa da rani, ko akwai wanda ya taɓa yin da'awa a kan wurin, faɗa. Mai saye yana da ikon mayar maka idan ya gano tsohon aibin da ka ɓoye, in ma bai gano ba Allah Ya gani.

Dillanci sana'a ce halal, la'ada ma halal ce idan an san ta. Inda ɓarna take shi ne mai gona ya ce miliyan 3, dillali ya sayar miliyan 4, ya dawo ya ce uku aka saya, ya soke ɗaya, ya kuma karɓi la'ada a kan ukun. Wannan cin amana ne. Idan tun farko mai gona ya ce duk abin da ya hau kan uku naka ne, an ruwaito daga Ibn Abbas cewa babu laifi. Haka nan kawo abokinka ya taya da tsada alhali ba saye zai yi ba, don a zuga mai saye, shi ne najashi, haramun ne. Shiga cinikin ɗan uwanka bayan an daidaita ma haramun ne. Sayar da fuloti ɗaya ga mutum biyu kuwa ba ya buƙatar fatawa, sata ce.

Kafin alƙalami fa? Idan ciniki ya faɗa, ana lissafa shi cikin kuɗin, babu saɓani. Idan mai saye ya fasa, Imamu Malik da mafi yawan malamai sun ce a mayar masa da abinsa. Imamu Ahmad ya halatta mai kaya ya riƙe idan an yi sharaɗin haka, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ma ta tafi a kan haka a 1993, da sharaɗin a sa wa'adi. Mafita dai ku faɗi matsayinsa ku rubuta tun kafin kuɗi ya sauya hannu.

Wanda matsi ya kama, sai mu ce ya yi tunani sau biyu kafin ya rabu da gonar da yake ci daga ita. Kuɗin fili yana da fiffike. An sayar an yi biki, an sayi babur, shekara ba ta zagayo ba mai gona ya koma ƙwadago a gonar da ta kasance tasa. Ibn Majah ya ruwaito hadisi, wasu malamai sun kyautata shi, da ke nuna wanda ya sayar da gida ko ƙasa bai mayar da kuɗin a irinsa ba, ya cancanci a rasa albarka a ciki. Malamai sun ce wannan shiryarwa ce, ba ta hana sayarwa don bashi, magani ko wata larura. In dole ne, yanki wani ɓangare ka bar saura. In bakin titi ya yi daraja, sayar ka sayi wadda ta fi ta girma a ciki, ranar da ka karɓi kuɗin kar ta yi nisa da ranar da ka saya, don naira ba ta jira.

Jingina kuma, yadda aka saba yin ta, a ba ka bashi a karɓi gonarka ana nomawa ana cinyewa har ka biya kuɗin cif, bashi ne da ya jawo amfani, malamai sun sa shi a babin riba. Idan ana son halal, a yi haya ta gaskiya da kuɗinta sananne da wa'adinta, a raba ta da maganar bashi.

6. A RUBUTA

Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, ta kuma yi umarni da kafa shaida a ciniki. Saboda haka kar wani ya ce maka neman takarda rashin yarda ne. Ku biyun kuna iya yarda da juna, 'ya'yanku ne ba su san abin da kuka ƙulla ba.

Takardar ta ƙunshi cikakken sunan mai sayarwa da mai saye, yadda mai sayarwa ya samu wurin, awonsa, sunayen maƙwabta huɗu, kuɗin da aka biya da wanda ya rage da ranar cikawa. A faɗi matsayin itatuwan da ke ciki, ɗorawa ko mangwaro ko kuka, da amfanin da ba a girbe ba. Shaidu su zama mutanen kirki waɗanda ba su da kaso a la'ada, a haɗa da matasa don gobe. Mai unguwa da dagaci su sa hannu, a karɓi tsofaffin takardu na asali, a biya ta banki zuwa asusun mai wurin da kansa. Daga nan a bi ta ƙaramar hukuma ko ma'aikatar ƙasa a mayar da suna. Bayan ka saya kar ka yi watsi da wurin. Kewaye shi, ko ka ba wani aro da takarda, domin a fiƙihun Malikiyya wanda ya ga bare yana gini yana rushewa a wurinsa shekara goma, yana gari bai ce uffan ba kuma babu abin da ya hana shi, alƙali ba zai saurari da'awarsa ba.

Mu rufe da labarin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira, na wasu mutum biyu cikin al'ummun da suka gabata. Ɗaya ya sayi ƙasa a wurin ɗaya, sai ya tarar da tulun zinariya a binne. Ya ɗauka ya kai wa mai sayarwa, ya ce ƙasa ya saya, bai sayi zinariya ba. Shi kuma ya ƙi karɓa, ya ce ya sayar da ƙasar da duk abin da ke cikinta. Suka je gaban mai hukunci kowa yana tura wa ɗan uwansa. Da ya ji ɗaya yana da ɗa, ɗaya yana da 'ya, sai ya ce a aura musu juna a kashe musu dukiyar, a yi sadaka da wani abu. Su ma shari'ar fili suka yi, sai dai kowannensu tsoron cin haƙƙin ɗan uwansa ne ya kai shi.

Dukkanmu dai ƙasar da za a ba mu a ƙarshe ba ta wuce tsawon mutum ba, kuma babu dillali a cinikinta. Allah Ya ba mu halal mai albarka, Ya tsare mu da cin haƙƙin marayu da mata, Ya ba marasa muhalli muhalli, Ya zaunar da yankinmu lafiya. A darasi na gaba, in Allah Ya yarda, za mu duba zakkar filin da aka saya don kasuwanci da na gidan haya.

Wallahu a'alam.